Hanyar da Kwalta Ta Cinye

A ƙauyen Lung Pha, can saman duwatsun Ha Giang, in ka ce kana neman Thao Mi Lu sai an tsaya ana tambayar juna wane Lu. Amma kana cewa Sarkin Taɓo, ko ƙaramin yaro zai nuna maka gidan: mai katangar dutse, da babura jere a ƙarƙashin rumfa, tayoyinsu duk jar laka. Gajeren mutum ne mai faɗin kafaɗa, maganarsa ba ta da yawa. In ya yi dariya idanunsa ɓacewa suke yi.

Mahaifinsa da dawakai ya yi fatauci, irin gajerun nan na dutse, ya hau da gishiri da kananzir, ya sauko da masara da zaren rama. Lu ya taso yana riƙe da wutsiyar doki a hawa, don haka ƙafarsa ta san hanyoyin tsaunin tun kafin ya san sunayensu. Da tsohon ya rasu, sai ya sayar da dawakan, ya sayi wani tsohon babur ƙirar Rasha mai hayaƙi kamar an hura ɗanyen itace. Dangi suka ce ya rabu da mai cin ciyawa ya jajibo mai shan mai. Shekara da shekaru shi ne motar ƙauyen. Ya ɗauki buhunan masara, da 'yan aladu a kwando, da kwanon rufi, da malamar makaranta duk farkon zango. Ya sha ɗaure mai naƙuda a bayansa da zane, ya gangara da ita asibitin gunduma ana tsuga ruwa. Yawancinsu sun isa. Matar wani abokinsa ba ta isa ba, a bakin rafi ta cika tana ɗaure a bayansa. Wannan labarin ba ya ba da shi.

Wata damina yana dawowa daga kasuwa ya tarar da babura sun yi cirko-cirko a inda ƙasa ta zaftare ta rufe hanya. Turawa ne huɗu, da wani siririn ɗan birni mai tabarau, sunansa Khanh, wanda ya taso da su daga Hanoi. Lu ya yi musu alama su biyo shi. Ya ratsa da su ta tsohuwar hanyar doki, suka faɗi, suka tashi, suka sake faɗuwa, har suka iso Lung Pha da yamma kamar an tsamo su daga kududdufi. Matarsa Sua ta turara musu dambun masara da miyar kabewa, ta koma gefe tana murza zaren rama tana kallonsu. Abin da ya ɗaure mata kai, dariya suke ta yi, suna nuna wa juna ƙujewar gwiwa.

Ta ce a hankali, "Maigida, mutanen nan lafiyarsu kuwa?"

"Khanh ya ce abin da suka zo nema ke nan."

"Faɗuwar?"

"Har da ita. Wai a ƙasarsu an gyara hanyoyin duka, babu inda mutum zai faɗi."

Sua ta taɓe baki. "Ai da sun faɗa tun wuri, da na ba su kwandon taki su hau da shi gona. Su samu wahalarsu, mu samu masararmu."

Da safe Khanh ya ja shi gefe ya ce, "Yaya Lu, ni na san Turawa, kai ka san dutse. Babura daga wurina, hanya daga wurinka. Me ka gani?"

Haka Lu ya zama jagora. Tafiyar kusan mako ce, baƙi ba sa wuce takwas. Shi a gaba, Khanh a ƙarshe da kayan faci da sarƙa da fulogi. Su bi gefen kwazazzabo inda hanya ba ta wuce faɗin tabarma ba, su tsallake rafi a kwale-kwalen gora babur ɗaya-ɗaya, su kwana a gidajen mutane kusa da murhu, kaji na kai-kawo a ƙarƙashin daɓen katako. Turancin Lu bai wuce cikin cokali ba: sannu, tsaya, kar ka taɓa birkin gaba. Sauran da hannu yake yi. Baƙon da ya cika labarin ƙasashen da ya taɓa zuwa, shi Lu ke sa wa dab da bayansa, don ya san kafin rana ta take zai sha ƙasa. Wadda ya fi tunawa wata tsohuwa ce mai furfura, likitar haƙori, da ba ta taɓa sa babur a giyar da ta wuce ta biyu ba, ba ta kuma faɗi ko sau ɗaya ba. Ranar rabuwa ta sa shi ya buɗe baki, ta leƙa, ta ce ya rage taba.

Ana nan sai gwamnati ta kawo katafila. Cikin rani biyu aka fasa dutse, aka shimfiɗa kwalta daga gunduma har ƙofar makarantar Lung Pha. Ranar da motar farko ta shigo aka yanka sa, aka busa sarewar gora, Lu ya yi rawa har gwiwa ta yi masa ciwo. Farin cikinsa na gaske ne, ba na ganin ido ba.

Amma faɗuwar wani tashin wani. Hanya na yin kyau 'yan birni suka cika ta da ƙananan babura, kowa na ɗaukar hoton kansa a bakin gangare. Baƙin Lu kuwa suka fara ƙorafi. Khanh ya kira shi a waya ya ce, "Yaya, ba kwalta suka zo gani ba, suna da ita a ƙofar gidajensu. Kwana biyun da suka fi daɗi a tafiyarmu, su ne aka shafe." A shekarar tafiya uku kawai suka yi. Lu ya koma zaman rumfa, yana kwance injin da ba abin da ya same shi yana sake ɗaurawa.

Sua ta gaji da ganinsa ta ce, "Sarkin Taɓo an rasa talakawa. In ba za ka nemo wata lakar ba, ga fartanya can."

Akwai wata hanya da ya daɗe yana juyawa a ransa, wadda mahaifinsa ke bi ta kan tsauni zuwa Sa Tung, ƙauyen su mahaifiyarsa. Rabon da doki ya taka ta an manta. Da ruwa ya ɗauke, Lu ya ɗaure adda da igiya da guzuri a bayan babur ya kama hanya shi kaɗai. Rabin tafiyar turawa ya yi. Wani wurin sai ya sare gora kafin ya wuce, wani wurin ya ɗaure babur da igiya ya zura shi ƙasa sannu a hankali. Ya kwana a bukkar gona, kashegari da hantsi ya hango rufin Sa Tung a cikin kwari, hayaƙi na tashi.

Dattijon ƙauyen kawunsa ne, Tua, ƙanen mahaifiyarsa. Maƙeri ne a da, yanzu yanar ido ta rufe masa gani, sai dai ya bambance rana da inuwa. Yana zaune a ƙofar gida da lofensa na gora.

Ya ce, "Tun daga kan tsauni nake jin ƙara. Na ce ko jirgi ne, ko ɗan 'yar'uwata ne. Matso in taɓa ka. Rabonka da nan tun jana'izar kakarka."

"Haka ne, Kawu. Hanyar ce."

"Hanyar dai ita ce yau ma. Ci abinci tukuna, sannan ka faɗi abin da ya kawo ka. Mai zumunci ba ya zuwa da adda."

Bayan ya ci, Lu ya yi bayani: baƙi, da babura, da kwana ɗaya a ƙauyen, da abin da masu masauki da masu dafa abinci za su riƙa samu. Kawu Tua ya ja lofe, ruwan cikinsa ya yi gurgur, ya furzar da hayaƙi.

"To bari in ga ko na fahimta. Ku kun samu kwalta, matanku na zuwa kasuwa a mota. Mu kuma kana so mu tsaya yadda muke, baƙinka su zo su ɗanɗani wahalarmu kwana ɗaya, su ji daɗi, su koma."

Maganar ba da zafi aka yi ta ba, shi ya sa ta fi shigar Lu. Bai sake tayar da zancen ba. Ya zauna kwanaki yana taya su jido masara daga gona. Ana cikin haka ya ga maza huɗu sun dawo da gadon gora a kafaɗa, sun kai wata yarinya da maciji ya sara har bakin titi, tafiyar yini guda a ƙafa. An ce da sauƙi. Lu ya tsaya yana kallon kafaɗunsu da suka saɓule.

Da yamma ya je ya tsuguna gaban kawunsa ya ce, "Kawu, kafin in kawo ko baƙo ɗaya, a ba ni mutane mu buɗe hanyar nan. Ba ta mota ba, wannan ta fi ƙarfina. Wadda dai babur zai bi da mutum biyu, ko ana ruwa."

Tsohon ya ce, "In haka ne ina da nawa sharuɗɗan. Daga marmaron bakin ƙauye su kashe inji su turo, muna da tsofaffi da ɓaunan noma masu tsoro. Kuma kar wanda ya ɗauki hoton wani sai ya tambaya. Mu ba birai ba ne."

Lu ya hau wani tudu inda waya ke kamawa ya kira Khanh. Da ya gama ji sai Khanh ya ce, "Yaya Lu, ka sha wahala ka nemo mummunar hanya, yanzu kuma kai da hannunka za ka gyara ta?"

"Faɗin babur kawai."

"Ai da haka ake farawa. Gobe sai ka ga katafila."

"In ta zo mu yi mata rawa. Duwatsu ba su ƙare ba, Khanh."

Khanh ya yi ta mita, amma bayan mako ya aiko da diga da shebur da buhunan siminti. Ranin nan gaba ɗaya Lu a kan tsauni ya yi shi tare da mutanen Sa Tung, maza na fasa dutse, mata na jido tsakuwa a kwando. Suka zuba siminti a hawa biyun da suka fi santsi, suka ɗaura gadar katako a kan rafi. Sauran hanyar suka bar ta da lakarta da duwatsunta, don ko sun so ba za su iya mata komai ba.

Baƙin farko da suka bi ta sun faɗi son ransu. A marmaro Lu ya ɗaga hannu, kowa ya kashe inji, suka shiga ƙauyen suna tura babura, gumi na ɗiga daga hular kwano, yara na biye da su. Wani ƙaton Bature ya ce wa Khanh wannan turawar ta fi masa komai daɗi a tafiyar, don sai a lokacin ya ji kukan tsuntsaye. Da aka fassara wa Kawu Tua sai ya ce, "Ka ce masa gobe ma ya tura har gida."

Ba a daɗe ba aka ji likitocin ido sun zo asibitin gunduma. Lu ya hau ya ce wa kawunsa ya shirya. Tsohon ya ce shi bai taɓa hawa abin da ba ya numfashi ba, kuma ba zai fara da tsufa ba. Sai da jikokinsa suka sa baki ya yarda. Lu ya ɗaure shi a bayansa, suka gangara a giya ta ɗaya, Kawu na ta zagin kowane dutse da suka taka. Aka cire yanar ido ɗaya, aka ce ɗayan sai baɗi. Ya yi jinya a gidan Lu, Sua na dama masa kunun shinkafa, su biyu suna haɗa kai suna yi wa maigidan tsiya.

Ranar komawa, da suka kai ƙololuwar tsauni, Kawu ya dafa kafaɗarsa ya ce ya tsaya. Ya sauka, ya sa hannu ya kare rana, ya daɗe yana kallon kwarin: gonakin shinkafa hawa-hawa, da rufin gidaje, da siririyar hanyar da ke lanƙwasa har marmaro. Sai ya juyo ya ƙare wa Lu kallo daga sama har ƙasa.

"Ashe haka ka tsufa? Ni da murya nake auna ka, ina ta yi maka faɗa kamar yaro."

"Ai sai ka daina, Kawu."

"Ina. Yanzu da nake ganinka ma na ga abin faɗa."

Har yau Lu na jagora, ko da yake in gwiwa ta matsa masa yakan koma ƙarshen layi ya bar wa Khanh gaba. Mutum uku a Sa Tung sun sayi babura, su ke sauko da marasa lafiya. Kawu Tua ya sa an share masa tsohuwar maƙerarsa, yana ƙera ƙananan wuƙaƙe da ido ɗaya, baƙi na saye. In an tambaye shi wa ya koya masa, sai ya ce su fara cin abinci tukuna.