Shirun Cikin Waƙar Hajo

Kakarmu Tumba ba ta yin tatsuniya sai da ƙwarya. Da an gama cin tuwo a gidanmu na ƙauye, can gefen Kurawa, sai ta sa a ƙara kara a wuta, ta kife ƙwaryar a cinya, mu kuma mu kewaye ta, ni da ƙanwata Hajo da 'ya'yan baffanninmu. Masifaffiyar tsohuwa ce, ko tari ka yi a tsakiyar labari sai ta tambaye ka ko kai za ka ƙarasa. Amma da ta ce ga ta nan ta ɗauko mana, muka ce ta sauke mu ji, babu mai ƙara motsi.

Kiɗanta yana da wani abu da ya daɗe yana ba ni haushi. Takan buga uku, a na huɗu ta ɗaga hannu, ta karkata kai ta yi shiru, sannan ta ci gaba. Ni a ganina tsufa ne ya kawo mantuwa. Ran da na faɗa mata haka na sha ranƙwashi, sannan ta ba mu labarin makaɗin da hannunsa ya gaji.

Wai aikinsa shi ne ya hau tudu ya riƙa kaɗa wa manoma ganga. Idan lafiya, ya yi kiɗan noma. Idan ya jiyo kofaton dawakin mahara, ya sauya kiɗa, kowa ya faɗa daji. Da ya gaji, sai ya je wurin aljanin tsamiya ya roƙi gangar da za ta kaɗa kanta. Aljani ya ce kiɗa ɗaya tak za ta iya, ya zaɓa. Ya zaɓi mai daɗin. Ganga ta yi ta zuba kiɗa ba numfashi, shi yana barci a inuwa, jama'a suna yaba ƙwazonsa. Ranar da mahara suka shigo gari, ganga tana ta kiɗan lafiya. Mutanen gona suka hango hayaƙi, suka ce ai in da akwai wani abu, da gangar ta faɗa musu, suka taho gida da ƙafafunsu. Akwai waƙar da matar makaɗin take yi tana neman 'ya'yanta a cikin toka, a nan ne Kaka take wannan shirun.

"Ba mantuwa nika yi ba, ɗan nema," ta ce mini. "Saurare nika yi. Wanda ka kiɗi bai tsayawa, mi za shi ji?"

Kaka ta rasu tun kafin daji ya lalace, kuma ina yi mata murnar hakan. Hajo ce ta gaji waƙar. Ta yi aure a wani ƙauye ta hanyar Bafarawa, ni kuma na zama malamin firamare a Sabon Birni. Wata rana baitocin suka ɓace mini, na roƙe ta ta rera mini a waya ta turo. Ta turo da hantsi. Tana rerawa tana tsayawa, kamar yadda Kaka take yi. A shirun ƙarshe ana jin babura daga nesa, da yawa, sai ta ce, "Yaya, tsaya in gani." Nan saƙon ya ƙare. 'Yan bindiga ne, kuma Hajo ba ta kai la'asar ba. 'Yarta Saratu ta tsira a cikin tarin kara, yanzu tana hannuna, shekararta tara.

Saƙon nan shi ne kawai abin da ya rage wa yarinyar na muryar uwarta, ni kuwa na kasa kunna mata shi a haka. Sai na ƙudura in mayar da shi waƙa sosai, da kiɗa. Na je garin Isa wurin abokina Murtala, mai naɗar wa mawaƙan biki waƙa a ɗakinsa. Ya ce manhajar da nake buƙata ita ce mai ba kowane sauti layinsa, murya daban, ganga daban, yadda za ka rage ɗaya ba ka taɓa ɗaya ba. Ya zuba mini guda uku a tsohuwar kwamfutata. Ta farko ta fi ƙarfin kwamfutar, da na buɗe sai ta sandare. Ta biyu ba ta da kwalliya, ka naɗa, ka yanka, ka jera, amma kiɗa sai ka yi da hannunka. Ta uku cike take da guntayen kiɗa shiryayyu, har da kalangu, ka ja ɗaya ka ajiye ya yi ta zagayowa har ka gaji. Tana kuma da wani maɓalli mai janyo murya ta hau kan kiɗa daram.

Ta ukun na zaɓa. Na ce wa Murtala ta fi sauƙi, amma ƙarya nake yi, abin da zai rufe mini baburan nake nema. Kuma ta yi aikinta. Ta matse duk wuraren da Hajo ta tsaya, na yanke ƙarshen, ganga ta cike sauran. Waƙa ta fito tsaf, kamar ta rediyo.

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci na kunna wa Saratu. Ta saurara har ƙarshe ba ta ɗago kai ba.

"Kawu, wagga ba waƙar Inna ta ba. Ina wurin da taka tsayawa?"

Na fara yi mata bayanin cewa na'ura ce ta gyara, ta tare ni.

"Ina nan bayanta sanda taka yi. Ni ma na ji baburan. Ka maishe shi yadda shike."

Kunya ta kama ni, irin wadda ban taɓa ji ba. Shekara da shekaru na ɗauka labarin Kaka a kan lalaci yake, ashe ban fahimce shi ba. Makaɗin ya zaɓi kiɗan da ya fi masa daɗin ji ne, ya bar wa mutane shi a matsayin gaskiya. Ga ni da girmana na zauna kwana huɗu ina ƙera wa marainiya gangar da za ta ce mata lafiya lau, alhali ita tana wurin.

Allah ya sa ban goge ainihin saƙon ba. Na buɗe manhaja ta biyu, na ɗora muryar Hajo a layi ɗaya ban taɓa komai ba, na aro ƙwarya a maƙwabta. Saratu ce ta kaɗa a layi na biyu, ta buga uku ta ɗaga hannu, ban koya mata ba. Mun bar baburan a inda suke. Har yau idan waƙar ta kai wurin ni nake tashi in fita, ita kuwa takan zauna ta ji har ƙarshe.