Kifin Ɗan Soja

Daga coci nake, ga wani dattijo da rigar direban tasi a rumfar busasshen ganyen teku, a kasuwar Busan ta Koriya. Ya kasa tsayawa wuri ɗaya. Ya shinshina wannan, ya ajiye, ya ɗaga wancan.

Ya ce, "Marar gishiri, marar man riɗi. Shuɗin kifin ɗana zan saya wa, na akwatin gilashi. Tun da yaron ya tafi soja ya ƙi ci."

Mai rumfar ta kwashe da dariya. "Kai Baba! Kifi kake lallashi kamar amarya?"

"Amana ya bar mini."

Yana juyawa na ga ya yi wa bel ɗinsa sabuwar huda da ƙusa don ya ƙara matse ƙugu. Allah sarki, ashe ba kifin kaɗai ya ƙi ci ba.