Ranar da Aka Fasa Dutsen Lambun Inna

Safiyar wata Laraba, cikin hutun da na gama aji huɗu na firamare, ina tsugune ina ba yakuwa ruwa a lambun kakata, Inna Sahura, sai na ji wata ƙara kamar sama ta tsage. Ƙasa ta girgiza, bokitina ya kife, jemagun da ke kan tsamiya suka tashi gaba ɗaya.

Ni 'yar Haɗeja ce. Ƙasarmu a shimfiɗe take, daga fadamar shinkafa sai kogi, ko dutsen niƙa daga nesa ake kawo mana. Shi ya sa nake ɗokin hutu a ƙauyen Inna, can gaba da Jahun, inda kakan mijinta ya kafa lambu a tsakanin wasu manyan duwatsu uku. Ya dasa dabino a lungunansu, ya sassaƙa matakala har sama, ya ja magudana daga idon ruwan da ke tsattsafowa a gindin babban dutsen zuwa fangalin albasa. A nan ni da yaran ƙauyen muke wasan ɓuya, mu shanya kuɓewa a kan falalen dutse, mu yi ta zamiya har zannuwanmu su yage.

Da ƙura ta lafa sai na ga babban dutsen ya rabe biyu, ɓari guda ya danne dabinai. Ashe masu aikin hanya ne suka sa nakiya ta bayansa, tsakuwa suke nema. Inna ta shigo a guje ba ko ɗankwali, ta shafa ni daga kai har ƙafa, sannan ta juya ga shugaban ma'aikatan, wanda ya shigo a bayanta.

"Ɗan nan, ka san akwai yarinya a ciki?"

"Wallahi Inna, ce mana aka yi daji ne."

Inna ta zauna daɓas tana kallon ruwan yana zurarewa cikin tsagar. Kafin hutu ya ƙare idon ya ƙafe, ni kuma kunnena na dama bai sake ji sosai ba.

Bara na bi ta wurin a mota. Na tambayi wata mai awara ko ta san lambun, ta ce ita tun tasowarta rami ta sani. Titin kuwa sumul, kafin la'asar mun shiga Haɗeja. Har muka isa idona na kan titin, don na san tsakuwar dutsen lambun Inna muke takawa.