Darasin da Na Ajiye a Aji Uku

Malam Edita, ina tsaye ne a ofishin mataimakin shugaban makarantarmu ta kwana, mun shiga aji biyar ke nan, yana tambayar kowa abin da zai nema a jami'a. Da layi ya zo kaina na ce likitan dabbobi. Ya ce in lissafa masa darussana, na lissafa. Ya cire tabarau ya ce ina Kemistiri? Na ce ai tun aji uku na ajiye shi na ɗauki Agirik. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce ko na cinye sauran duka babu mai ɗaukata wannan fanni, don wuraren kaɗan ne, masu nema kuma daga ko'ina. Na roƙe shi a mayar da ni ajin yanzu. Ya ce karatun shekara biyu ba ya shiga kai a 'yan watanni, in nemi wani abin. Ya kira na bayana.

Ni ɗan wata ruga ne a ƙasar Roni, kuma ni ne na fara shiga boko a gidanmu. Ba don komai mahaifina Baffa ya yarda ba sai don ciwon huhu da ya shiga garkenmu bayan fari. Kafin malamin dabbobi ya iso daga Kazaure a kan babur, mun yanka waɗanda muka iya, sauran kura ta ci. A ranar ne Baffa ya ce gidan nan sai ya yi nasa likitan.

To a aji uku aka ce kowa ya zaɓi darussa, Kemistiri da Agirik lokaci ɗaya ake yin su, dole ka bar ɗaya. Na kai wa Baffa maganar da hutu. Ya ce in faɗa masa me ake yi a kowanne. Na ce ɗaya zuba ruwa ake daga wannan kwalba zuwa waccan, ya canza launi, ɗayan kuma gona ce da shanun makaranta. Baffa ya yi dariya, ya ce shi bai aike ni koyon rini ba, mai son warkar da saniya ai gindin saniya yake zama. Kawuna ma ya ce haka ne. Ni kuwa daɗi na ji, don ban iya zama wuri ɗaya ba, Ba'indiyen da ke koyar da Kemistiri kuma rabin Turancinsa ba na ji. Babu malamin da na tambaya, babu kuma wanda ya tambaye ni dalili. Hannu kawai muka ɗaga aka rubuta.

Bayan ranar ofishin nan karatu ya fita raina. Abokai suka ce in nemi kwalejin horon malamai ko makarantar aikin gona, ai duk karatu ne. Gaskiya suka faɗa, amma na kasa tunanin yadda zan kalli Baffa, mutumin da duk kasuwar Roni ta san ɗansa likitan shanu zai zama. Ana saura kaɗan jarrabawa na ɗauki akwatina na hau motar Kano. Na yi yaron mota, na yi dakon siminti a Ikko, na sayar da agogo a gada. Kuɗi na yawo a gari, amma ni ko'ina na zauna sai in ji ƙafata tana ƙaiƙayi. Yanzu fetur nake kaiwa bakin iyaka ta Babura, ina wuce hanyar gidanmu in sunkuyar da kai. Na gaji wallahi.

Abin da na gane, ba a aji biyar ake shiga jami'a ba, a aji uku ne, lokacin da yaro bai san komai ba. Ku da ke makaranta, kada ku zaɓi darasi don sunansa ya yi kama da aikin da kuke so, ko don malaminsa yana da sauƙi. Ku je ku tambayi wanda ya shiga ya fito. Iyayenmu suna sonmu, amma hanyar da mutum bai taɓa bi ba, ba zai san inda ta rabu ba. In kuma ƙofa ɗaya ta rufe, kada ku yi irin gudun da na yi.

Kwanan nan na haɗu da wani dillalin shanu na wajenmu a Kanya Babba. Ya ce har yau Baffa cewa yake ina karatu a Kudu, in dabba ta kwanta ma sai ya ce a bari likitansa na tafe. Sai na ba shi saƙo da baki. Na ce ka gaida Baffa, ka ce ina neman gafararsa. Ka ce ban zama likita ba, ba kuma zan zama ba, kuma ba shawararsa ce ta jawo ba, ni ne ban tambaya ba. In saniya ta yi ciwo, ya aika Kazaure da wuri, kada ya jira ni.