Dutsen da Mata Ke Tsayawa

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Talata, 14 ga watan Janairu 2025, bayan sallar Azahar, Allah Ya karɓi ran kakata Adawiyya Usuman, a gidanmu da ke Banikanni, cikin Parakou. Ciwon ƙirji ne ya kwantar da ita tun watan Disamba. A Djougou aka haife ta, a gidan masu fataucin goro. Ta bar ɗa guda, babana Muntari mai sayar da nama, da mu jikokinta.

Ni ce Ummuhani. Bara na gama firamare, kuma ban iya magana cikin mutane ba. Shi ya sa na rubuta.

Kaka, tiren goronki yana nan a bakin ƙofa inda kika bar shi. Masu zem, wato 'yan acaɓa, har yanzu suna rage gudu in sun zo daidai gidanmu, sai su tuna, su wuce. Ɗaya ya tsaya jiya, ya ce shekara da shekaru kina ɓara masa goro kyauta, kina yi masa faɗa a kan gudu. Ya fara dariya, sai ya rufe fuska da hannu.

Ke kaɗai ce ba ki taɓa gajiya da shiruna ba. In baƙi sun tambaye ni abu na sunkuyar da kai, sai ki ce, “Ku rabu da ƙawata, bakinta tana ajiyarsa ne.” In sun tafi kuma ki ja kunnena ki ce, “Wannan ajiya, yaushe za a buɗe ta?”

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne tafiyarmu daji. A ƙarshen damina labari ya zo daga Djougou cewa an ba wani saurayi, Murtala, dajin da ke bayan tsohon zangon fatake, zai sare ya dasa yazawa, wadda muke kira akaju. Kina jin haka kika ajiye goron da ke hannunki. Kika ce akwai maƙabarta a cikin dajin nan. A can aka binne kakanninki da suka zo da ayari. A can kuma aka binne ɗanki na fari, Muhammad Nur, wanda ya rasu yana goye. Ranar ce na fara jin sunansa. Baba ma a Parakou aka haife shi, bai taɓa ganin wurin ba.

An daina binnewa a can tun kafin ki bar garin, saboda ruwan fadama ya fara ci. Kaburbura suka baje, itatuwa suka tsiro a kai, mazan da suka san wurin suka ƙare. Baba ya ce, “Iya, ke da ba ki taɓa shiga ciki ba, ta yaya za ki gane?”

Kika ce, “Ai don ban shiga ba na sani. Maza wucewa suke yi da makara a kafaɗa, ba sa duban ƙasa. Mu mata a bakin iyaka ake tsayar da mu. Wanda aka tsayar a wuri shi ya san wurin.”

Kin ce mutanen dā sun kafa duwatsu huɗu na marmara, ɗaya a kowace kusurwa. Mata kan ɗebo ruwan kwaɓa ƙasar kabari daga rafi, su ɗora tulu a kan dutsen da ke ɓangaren ruwa, maza su zo su ɗauka. Daga nan mace ba ta ƙara taku. A jikin wannan dutsen kika tsaya, ke da ƙuruciyarki, kina kallon an shiga da jaririnki cikin tabarma.

Baba ba ya iya barin teburin nama, don haka ni kika ɗauka. Muka shiga mota zuwa Djougou, muka sauka gidan 'yar ƙanwarki. Murtala ba mugun mutum ba ne. Ya durƙusa ya gaishe ki, ya saurara har kika gama. Sannan ya ce, “Iya, ba na son in ci abinci a kan ƙashin mutane. Amma daji ne babba. Ki nuna mini duwatsun huɗu, in bar abin da ke tsakaninsu. Zan jira har rani.”

Kullum da safe sai mu fita, ke da sandarki, ni da adda da jarkar ruwa. Ban taɓa shiga daji irin wannan ba. Ciyawa ta fi ni tsawo, tofa tana yankan ƙafa, tsando yana cizo ta cikin zane. Ke kuwa kina tafe kina gaida itatuwa kamar tsofaffin maƙwabta. Ki tsaya gaban ɗorawa ki ce, “Ke ce kika girma haka?” Sau da yawa mun ɓata. Wani lokaci ki rantse a nan ne, mu share ciyawa har hannuna ya yi kanta, mu tarar da ƙasa kawai. Sai ki zauna ki ce, “Tsufa ya yi mini ƙarya. Tashi mu je.”

Dutse na farko yana gindin ƙaɗanya, ganye ya rufe shi. Na biyu suri ne ya haɗiye shi, sai da kika sa na farfasa gefen surin, gara tana zubo mini a ƙafa, kina dariya kina cewa in yi musu sallama tukuna. Na uku saiwar gamji ta rungume shi, kansa kawai ya leƙo. Duk wanda muka samu, sai ki ɗora tafin hannu a kansa, sannan ki ɗaura tsumma a reshen da ke kusa. Ko sau ɗaya ba ki taka cikin filin ba, ko da babu mai ganinmu, ko da hanyar ta fi kusa. Zagayawa muke yi ta cikin ƙaya.

Na huɗu ne ya gagara, kuma shi ne naki. Fadama ta cinye ɓangaren gaba ɗaya. Ruwa ya kwanta baƙi ƙirin, bado ya rufe samansa, zalɓe yana tsaye can nesa. Kika tattare zane kika shiga. Ruwan ya kai miki ƙugu, laka ta riƙe ki, da ƙyar na jawo ki da sanda. Muka zauna a bakin ruwa ina cire miki matsattsaku daga ƙauri, kina kallon fadamar. Ranar kaɗai na ga hawayenki. Kika ce, “Muhammad Nur yana can ciki, ƙawata. Ba shi da kowa sai ni.”

Murtala ya ga duwatsu ukun, ya yarda da su. Amma ɓangaren ruwa nan ne ƙasa mai kyau, kuma ya ce ba tare da na huɗu ba bai san inda zai tsaya ba. Kika ce mu koma gida, in ruwa ya ja mu dawo. Tun daga shigar ruwan nan kika fara tari.

Da ciwo ya yi nauyi, wata rana da hantsi ina ba ki kunu, kika riƙe hannuna. Kika ce in juya wa gamjin baya, in fuskanci giginyu biyu da ke tsallake, in bi miƙe. Kika ce in cire takalmi, don ido ba zai ga dutsen ba, sai ƙafa. Samansa sumul yake, da ɗan rami a tsakiya inda gindin tulu ya ci shi. Na ce ai tare za mu je. Kika ce, “To. Amma maimaita mini.” Na maimaita.

Ranar da aka fita da ke, na bi makara har bakin ƙofar gida, aka ce in tsaya. Na tsaya kusa da tiren goronki har maza suka sha kwana. A nan na gane abin da kika gaya wa Baba.

Ranar addu'ar bakwai Murtala ya zo tun daga Djougou. Na fito da faranti na masa zan miƙa daga bayan ƙofa, sai na ji yana ce wa Baba, “Allah Ya jiƙan Iya. Na so a ce mun gama. Yanzu mai sanin wurin ta tafi, ga masu sara na riga na yi magana da su.” Baba ya sunkuyar da kai ya ce, “Haka Allah Ya so.”

Tabarmi cike suke da maza, ga liman, ga abokan Baba na kasuwa. Na ji kamar kin ja kunnena. Na ce, “Baba, ta gaya mini.” Ba wanda ya ji. Na taka waje, na sake faɗa da ƙarfi. Kowa ya juyo. Wani ya ce, “A'a, ashe tana magana?” Liman ya ɗaga masa hannu, ya ce, “Faɗi, 'yata.” Na faɗa yadda kika koya mini, ban bar komai ba.

A makon da ya biyo Baba ya rufe teburinsa, muka tafi. Ruwa ya ja, kamar yadda kika ce. Tsummokaran da kika ɗaura suna nan a rassa, rana ta koɗar da su. Na juya wa gamji baya, na cire takalmi, na shiga. Ruwan ya kai mini gwiwa. Na daɗe ina lalube. Na taka itace, na taka katantanwa, na taka abin da ya motsa ya gudu. Baba yana kira daga baya, “Ummuhani, fito haka nan.” Ban fito ba. Na matsa kaɗan wajen giginyun, sai tafin ƙafata ya sauka a kan abu mai sanyi, mai santsi. Na zagaya da yatsa. Ga ramin nan a tsakiya.

Baba da Murtala suka shigo da wandunansu, suka tone shi, suka yi masa gindi da duwatsu har ya fito saman ruwa. Murtala ya dubi fadamar da zai bari. Sannan ya kafa turke a jikin dutsen ya ce, “Nan na tsaya.”

Na cika jarkata na ɗora a kan dutsen. Baba ya ɗauka, ya shiga cikin filin, yana yayyafa ruwa, yana yi wa yayansa da bai taɓa gani ba addu'a da sunansa. Ni na tsaya a inda kika tsaya, Kaka. Daga nan ana ganin ko'ina.

Ya Allah, Ka jiƙan Adawiyya. Ka gafarta mata, Ka yalwata kabarinta, Ka haskaka shi. Yadda ta tsare makwancin bayinKa, Ka tsare nata. Ka haɗa ta da Muhammad Nur a Aljanna, inda ba wanda zai ce mata ta tsaya a bakin iyaka. Ina yi wa Baba ta'aziyya, da Inna, da ƙannena, da danginmu na Djougou da na unguwar Ganou, da duk wanda ya taɓa cin goronta. Allah Ya saka wa Murtala, Ya sa albarka a gonarsa. Allah Ya ba mu haƙuri, Ya kyautata namu ƙarshen. Amin.

Jikarki,
Ummuhani Muntari
Banikanni, Parakou