Ganyen da Ba Rama Ba

Duk wanda ya yi aiki a sakatariyar Dutse cikin shekara ashirin ɗin nan ya san kwaɗon Iya Rakiya, in bai ci ba ya ga ana ci. Ni katanga ɗaya ce tsakanina da ita a Yalwawa, ƙarar turminta na dakan ƙuli-ƙuli ita ce agogona. 'Yar manoma ce daga wani ƙauye a bayan Kiyawa. Aure ya kawo ta Dutse, mijin masinja ne, ya rasu ya bar ta da ɗa guda da bokiti biyu, ɗaya na zogale, ɗaya na rama. Da bokitan nan ta raini Abdulrauf har ya zama kafinta.

Tana da baki, ba a ja da ita, musamman a kan ganye. Takan ce ko a duhu ta shafa ganye za ta faɗi sunansa da gonar da ya fito. Mukan yi mata dariya, amma ba mu taɓa kama ta da kuskure ba.

Shekara uku da suka wuce Abdulrauf ya tafi Legas neman aiki, daga can maigidansa ya wuce da shi wata ƙasa mai nisa, wani gari na bakin teku da 'yan yawon buɗe ido ke cikawa. Bara ya turo hoto. Ga shi tsaye da guduma a gaban wani gini da ba a gama ba, teku a bayansa, saman kansa kuma wani allo mai zanen koren ganye mai yatsu. Ya ce wurin hutawar baƙi ne, shi ke haɗa kujeru da kantar sayar da kaya, kuma mai wurin ya ce in an buɗe zai riƙe shi.

Iya Rakiya ta ƙanƙance ido ta dubi allon, sai ta buga guɗa.

"Rama ce! Ku zo ku gani, Turawa ma sun gano kwaɗo!"

Mako biyu hoton nan yana yawo a sakatariya. Ba ka samun kwaɗo sai ka ga Abdulrauf. Manyan ma'aikata da suka san abin da suke gani sai su yi tari, su ce Allah ya sa albarka, su wuce. Har yau ina jin haushinsu, ko da yake ni ma zuciyata ta ɗan raya mini wani abu, na kama bakina. Har busasshiyar rama ta fara tarawa a buhu, wai ta can ba za ta kai ta Jigawa tsami ba.

'Yata Hindatu, da ke karatu a jami'a, ita ce ta kasa haƙuri. Ta durƙusa a gabanta ta ce, "Iya, ki yi haƙuri, wannan ba rama ba ce. Tabar wiwi ce. Akwai ƙasashen da ba a kama mutum a kanta. Irin wurin nan kamar teburin mai shayi ne, sai dai ita ake zama a sha."

Na ɗauka kunyar mutanen sakatariya ce za ta kwantar da ita. Ashe ko ta kansu ba ta bi ba. Sunan da ya fara fitowa daga bakinta shi ne Sagiru, ƙanenta uwa ɗaya uba ɗaya, wanda ya fara zuƙar abin nan a tasha yana saurayi mai tsabta, yanzu kuwa yana bin bakin titi yana tsintar leda yana hira da kansa. Ita ke kai masa abinci duk inda ta gan shi.

Daga ranar Iya Rakiya ba ta sake zama daidai ba. Ta zuba wa kwaɗo gishiri sau biyu. Ta manta bokitin zogale a cikin adaidaita. Kullum sai ta leƙo ta katanga da waya a hannu, ta sa Hindatu ta buɗa mata hoton har fuskar ta dushe.

"Dubi leɓensa. Da can haka yake da duhu?"

"Inuwa ce, Iya."

"To idon fa?"

Tsofaffin saƙonninsa na murya kuwa ta saurare su ya fi a ƙirga, tana neman inda harshe ya karye ko inda dariya ta yi yawa. Tausayinta ya hana ni sukuni, don na san tana tsoron kiransa fiye da yadda take tsoron rashin sani.

Ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci ta shigo gidana, ta ce in zauna kusa da ita. Ta kira shi, ta sa muryar a fili. Muna jin iska da bugun guduma ta can.

"Abdulrauf, wurin nan da kake wa kujeru, me za a sha a ciki?"

"Inna, wa ya gaya miki?"

"Ni na tambaye ka."

"Nan ba kamar gida ba ne, Inna. Ba ɓoyewa ake yi ba. Ni katako ne nawa, ba ruwana da abin da za su sha."

"In an buɗe fa, ka zauna a ciki, hayaƙin zai tambaye ka kafin ya shiga hancinka?"

Ya yi 'yar dariya, ita ba ta yi ba. Ta riƙe wayar da hannu biyu.

"Kai fa? Ka taɓa sa shi a bakinka?"

Gudumar can ta buga sau uku kafin ya yi magana.

"Inna, wallahi..."

"Kul! Kada ka rantse mini." Ta katse shi. "In ƙarya ce, ba zan zama ni na sa ka ɗauki sunan Allah a kanta ba. Ka gama kujerunsu ka dawo gida. Ina nan."

Ya ce to, zai duba. Ta kashe wayar ta ajiye a cinya. Sai ta juyo ta dube ni.

"Maman Hindatu, ya yi shiru kafin ya amsa, ko kunnena ne?"

Na ce mata sabis ne, kiran ƙasar waje haka yake. Amma ni ma na ji shirun.