Yadda Na Koya wa Goggo Halimatu Ajiyar Albasa

Sunanta Halimatussa'adiya, ƙanwar mahaifina ce, amma a Wurno ba mai haƙurin kiran sunan har ƙarshe. Goggo Halimatu ake ce mata. Mijinta ya rasu tana da shekara arba'in da 'yan kai, ya bar mata 'ya'ya mata biyu, da fili a bayan gida, da rudu uku, wato ɗakunan nan na kara da ciyawa da ake ɗagawa a kan sanduna ana ajiye albasa a ciki. Ba ta noma. Idan aka cire albasa a fadama kasuwa ta cika farashi ya faɗi, sai ta saya ta zuba a rudu, ta zauna ta jira damina ta yi nisa. Ranar da albasa ta yi wuya, dillalai da ƙafarsu suke zuwa ƙofar gidanta. Karatun allo ta yi, ba ta taɓa shiga ajin boko ba, amma in ta bi ta gefen rudu ta ja numfashi sau ɗaya, za ta gaya maka ta wane ɓangare ruɓaɓɓiya take.

Da na sami gurbi a kwalejin horar da malamai a Sakkwato, sashen aikin gona, mahaifina ya karanta takardar a fuskata, don shi ma ba ya karanta boko. Ya ce geron bana ko cin gida ba zai kai ba. Washegari sai ga Goggo.

"Ja'afaru, nawa sunka ce?"

Na faɗa mata. Ta ce, "Tahi ka shirya kayanka." Daga ranar, kuɗin rajista da na ɗaki da na takardun lakca duk daga rudun nan suke fitowa.

Zango biyu kacal na yi ilimi ya fara yi mini nauyi. An yi mana darasi a kan adana amfanin gona. Na zauna rabin farko, rabin na biyu kuwa ya ci karo da wasan ƙwallo, na sulale gidan kallo. Amma na ga hoton da ke shafin farko na takardar darasin: wani dogon gini na siminti, albasa jere a ciki gwanin sha'awa. Wannan ya ishe ni.

Na dawo hutu daidai lokacin cirar albasa. Na tarar da Goggo tana sa a sabunta ciyawar rudu. Na tsaya, hannu a aljihu, na ce mata wannan hanya ta tsufa, bincike ya nuna ana asarar kashi arba'in cikin ɗari.

"Mi kac ce?"

Na maimaita, har da ƙarin Turanci biyu.

"Wa yay yi binciken? Ya zo nan?"

Na ce ba sai ya zo ba, ilimi ne.

Sai ta nuna wasu buhuna goma sha biyu da aka sauke da safe. "Waɗanga su na kuɗɗin makarantarka na baɗi. Ɗauki abinka ka aje su da ilimi. Ni in aje nawa da jahilci."

Wallahi daɗi na ji. Na ɗauka girmamawa ce.

Abokina Zayyanu yana da shago da ba kowa a ciki, daɓen siminti, rufin kwano, taga ɗaya. Na shimfiɗa tamfol, na juye albasa ta yi tudu. Na rufe tagar saboda ƙwari, na cusa tsumma a ƙarƙashin ƙofa saboda ɓera. Na rubuta "Ajiyar Zamani" da alli a jikin ƙofar, na tsaya Zayyanu ya ɗauke ni hoto. Wannan fa a tsakiyar bazara, lokacin da ko ƙadangare ba ya yarda ya taka kwano. Na sa kwaɗo na koma makaranta, ina ba abokai labarin yadda nake kawo sauyi a garinmu.

Bayan mako shida Zayyanu ya kira ni.

"Ja'afar, ka zo. Mode tela, maƙwabcin shagon, ya ɗauke kekenai ya koma gindin dogon yaro. Ya ce in ba ka zo ba, shi za ya kai ƙara wurin mai unguwa."

Tun daga bakin layi wari ya tare ni, na gane ba sai an yi mini bayani ba. Da na buɗe ƙofar, wani baƙin ruwa ya gangaro ya shige cikin takalmina. A buhu goma sha biyu, abin da na tsinta mai rai bai cika buhu biyu ba. Sauran da baro na riƙa kwashewa zuwa bayan gari, sawu goma sha tara, kuma duk sawu sai na wuce majalisar dattawan da ke gaban masallaci. A sawu na huɗu wani ya ce, "Sannu Dakta." Sunan bai bar ni ba har yau.

Goggo ta zo da la'asar. Ta leƙa shagon, ta dubi tagar, ta dubi tsumman da na cusa.

"Ka toshe mata hanci," ta ce. "Albasa rai gare ta. Numfashi takai."

Shi ke nan abin da ta faɗa. Ba zagi, ba gori. Na bi ta har gida ina jiran ta ce kada in damu. Da na ga ba ta da niyya, na yi ƙasa da murya na tambayi zancen rajista.

"Ai na ba ka tun bazara," ta ce, ta ci gaba da tankaɗe.

Dogon hutun nan ban huta ba. Zayyanu ya ara mini babur na shiga kabu-kabu tsakanin Wurno da Marnona, cikin ruwa da taɓo. Na taɓa kayar da wani dattijo da kajinsa a kududdufi, kuɗin ranar duka a ba da haƙuri suka tafi. Da sassafe kuma, kafin in fita, Goggo ta sa ni aikin rudu: in juya albasa, in tsince mai taushi, in duba inda ruwa ke ɗiga. Tana zaune a kan turmi tana cewa, "Ba nan ba, Dakta, hagunka." Ita ma ta kama sunan.

Ranar komawa abin da na tara ya ɗan haura rabin kuɗin rajista. Na je sallama da kunya. Ta kwance bakin zane ta miƙo mini kuɗi a naɗe da roba.

"Ladan aikin rudu na. Ba kyauta ba ta."

Da na haɗa da nawa, ya cika daidai har da na mota. Sai daga baya Nuriyya, 'yarta ƙarama, ta gaya mini cewa rudu guda Goggo ta buɗe ta sayar, saura mako uku farashi ya kai inda take jira. Dillalin da kansa ya ce ta ƙara haƙuri, ta ce ta gaji da ganin albasar. A shekara ashirin ba ta taɓa sayarwa da wuri ba sai ranar.

Da na koma makaranta na nemo takardar darasin nan na buɗe shafi na biyu. Layin farko cewa ya yi abu mafi muhimmanci a ajiyar albasa shi ne iska ta riƙa ratsawa ta ko'ina. A ƙasa ga hoton rudu, an yaba masa. Tambayar ta fito a jarrabawa, na rubuta abin da Goggo ke faɗa tana zaune a kan turmi, na ci maki mafi yawa a ajin. Malamin har ya tambaye ni littafin da na karanta.

Na gama, yanzu ina koyarwa a wata firamare a Marnona. Goggo ta haura sittin, gwiwa ta fara damunta, rudu ya zama biyar, kuma Nuriyya na karatun ungozoma da kuɗinsu. Ina ɗan sa hannu idan albashi ya shigo.

Ranar da na kawo mata takardar shaidar gamawa, ta goge hannu a zane ta karɓa, ta juya bayan takardar ta ga fari fat.

"Shekara ukku, takarda guda?"

Na ce haka ake bayarwa. Ta ce in nuna mata sunana, na nuna. Ta ce in nuna na ubana, na nuna. Ta ɗora yatsa a wurin, sannan ta tashi ta shiga ɗaki da ita, na ji ƙarar murfin akwati. Ni kwafi gare ni. Duk ranar da wani ofis ya nemi ta asali, sai na je na ara, in mayar kafin magariba.